Kwamfutar shagona ta ƙi tashi, mai gyara ya ce bod ya ƙone

Mai Shago Kabuga:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah taimako nake nema. Ina da ɗan shagon buga takardu da fotokwafi a Kabuga, ba nisa da tsohuwar jami'ar Bayero, kuma kwamfuta ɗaya ce tal nake aiki da ita, ta tebur, irin wadda ake harhaɗawa. Core i5 ce zubi na uku, ram ɗinta, wato 'yan sandunan ƙwaƙwalwar aiki, DDR3 guda biyu. Jiya da safe na danna, fanka ta ɗan motsa kamar za ta juya sai ta tsaya. Na sake dannawa, shiru. Na sa ta a adaidaita na kai wa wani mai gyara, ya kwance murfi ya leƙa, ko waya ɗaya bai taɓa ba, ya ce bod, wato babban allon da komai na ciki ke jone a kai, ya ƙone sai dai a sa wani. Kuɗin da ya faɗa ba ni da su yanzu. Abin da ya fi tayar min da hankali, furojet ɗin ɗalibai uku yana ciki, ɗaya daga cikinsu ranar Alhamis za ta miƙa nata. Na dawo da ita shago, ga ta nan a gabana.

Auta:
Wa alaikumus salam Yaya. Ram ne. Ka zare su ka goge da kilinar fensir ka mayar, za ta tashi. Tawa haka ta yi.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Allah ya kawo sauƙi. Kafin komai ka kwantar da hankalinka game da aikin ɗaliban. Takardunsu a haddis suke, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke adana takardu, ba a bod ba. Ko da bod ɗin ya ƙone ƙurmus, ana zare haddis ɗin a jona a wata kwamfutar ko a sa shi a ɗan akwatin nan mai USB, a kwashe komai. Alhamis ba za ta kuɓuce wa yarinyar nan ba in sha Allah.

Auta, taka da tasa ba ciwo ɗaya ba ne. Idan mutum ya ce "ba ta tashi", abu uku yake iya nufi. Ko dai babu motsi sam, ko fanka ta motsa ta mutu nan take. Ko kuma fankoki suna juyawa, fitila na ci, amma monita baƙi ƙirin. Ko kuwa tana nuna tambari amma ba ta shiga Windows. Ram ya fi yawan haddasa na biyun. Nasa na farko ne, shi kuwa wajen wuta ake fara dubawa.

Malam, amsa min waɗannan: ka ji ƙauri? Akwai wata ƙara da ta yi? Da wace wuta take aiki lokacin da ta mutu, ta gari ko inji?

Mai Shago Kabuga:
Babu ƙauri ko kaɗan Injiniya, har na sa hanci a bayanta na shinshina. Shekaranjiya da daddare lafiya lau na kashe ta. Da rana yawanci inji nake tayarwa, ƙarami, in an kawo wuta in juya. Ina da istabilaiza amma ta injin fotokwafi ce.

Hajiya Mai Kafe:
Ɗana, ka duba bayanta inda wayar wuta take shiga. Akwai wani ɗan jan makunni da ake turawa gefe, an rubuta 115 ko 230? Ina tambaya ne don abin ya taɓa cin mu. Lokacin da muka buɗe kafe a Zoo Road mun sayo kwamfutoci na hannu da aka shigo da su daga Amurka, su can wutarsu 120 ce, tamu 230. Yaron da ya jona bai duba ba, guda biyu suka yi ƙara kamar an fasa ƙwai, hayaƙi ya tashi. Tun daga ranar duk wadda ta shigo hannuna nan nake fara kai ido.

Mai Shago Kabuga:
Na duba Hajiya, akwai, a kan 230 yake.

Hajiya Mai Kafe:
Alhamdu lillahi. To ka bar shi yadda yake, ka ma liƙe shi da salatif don kada yara su taɓa.

Injiniya:
Hajiya ta yi gaskiya. Sababbin fawa-fak, wato akwatin wutar da ke cikin kwamfuta, da yawa ba su da makunnin nan, da kansu suke karɓar wuta daga 100 zuwa 240, amma tsofaffi da masu araha har yau suna da shi.

Yanzu mu bi a hankali, daga abin da ba ya cin ko kwabo. Zare wayar wuta daga bango. Danna makunnin gaba ka riƙe kamar daƙiƙa 30, ragowar wutar da ke ciki ta tsiyaye. Canja wayar wutar da ta monita, bakinsu iri ɗaya ne, don fiyus ɗin da ke cikin fulogi mai ƙafa uku yana mutuwa, wayar ma tana karyewa ta ciki. Kada ka bi ta doguwar soket, jona kai tsaye a bango. Sannan ka cire duk abin da ke jikinta: firinta, kibod, linzami, filashi, komai. Ka haska tocilan cikin ramukan USB ka gani ko akwai wanda ƙarfensa ya lanƙwashe ya haɗu da ɗan'uwansa. A shago irin naka da kowa ke zuwa yana cusa filashinsa, ramin USB ɗaya da ya karye ya isa ya hana kwamfuta tashi.

Mai Shago Kabuga:
Na yi duka. Ramukan lafiya suke. Har yanzu fankar motsi ɗaya take yi ta tsaya, wani lokacin ma ba ta motsawa.

Ɗan Beirut:
Oga kawo ta Beirut Road mu duba maka. Amma gaskiya ba na jin daɗin yadda ake nuna kamar mai gyaran farko cuta ya yi niyya. Mu da muke wannan sana'a mun san yadda inji ke kashe bod a garin nan. Ƙaramin janareta in mai ya kusa ƙarewa yana sama yana ƙasa, wutar tana hawa tana sauka. Bod ɗin zubi na uku kuma tun wajen 2012 ake yin su, sun tsufa. A rana sai ka ga irinsu da yawa. Mai yiwuwa mutumin daga gogewa ya yi magana.

Injiniya:
Ɗan Beirut, babu wanda ya ce macuci ne, ni ban san shi ba. Kuma mai yiwuwa a ƙarshe maganarsa ta tabbata. Abin da na ƙi yarda da shi guda ne: a yanke wa bod hukunci da ido. Bod shi ne abu na ƙarshe da ake zargi, bayan an wanke fawa-fak, an wanke makunni, an wanke ram. Ba don ba ya mutuwa ba, sai don babu wani awo guda da zai nuna maka kai tsaye cewa shi ne, sai ka kore sauran. Kai kanka in aka kawo maka, ai fawa-fak ɗin gwaji za ka fara jonawa, ko ba haka ba?

Ɗan Beirut:
Haka ne, wannan kam ba musu. Minti biyar ne. Ina da guda a ƙarƙashin benci don wannan aikin kawai.

Baba Mai Rediyo:
Salamu alaikum. Ni ba ɗan kwamfuta ba ne, rediyo da talabijin na gyara a Fagge tun kuna yara, amma wuta duk wuta ce. Yaro, ina da tambaya ɗaya, ka yi tunani kafin ka amsa. Kafin jiya, da dannawa ɗaya take tashi kullum? Ko akwai safiyar da sai ka danna sau biyu sau uku?

Mai Shago Kabuga:
Baba wallahi ka tuna min. Tun da sanyin nan ya shigo, kamar mako uku ke nan, da safe sai na danna sau uku ko huɗu. Wata rana sai na bar ta a jone na je na yi shara na dawo sannan ta kama. Amma in ta tashi shi ke nan har dare, ko na kashe da rana na kunna ba ta gardama. Na ɗauka makunnin ne ya fara sanyi.

Baba Mai Rediyo:
To ka ga inda maganar take. Abin da inji ko tsawa ya ƙona, farat ɗaya yake mutuwa, jiya lafiya yau babu. Abin da yake gardama da sanyin safiya, ya warware in ya ji ɗumi, yana ƙaruwa kullum har ranar da zai ƙi gaba ɗaya, wannan halin kwandansa ne, ɗan gwangwanin nan mai tara wuta, da ya bushe. Akwai ruwa a cikinsa. Zafin Maris da Afrilu na Kano, da ƙurar da ta toshe iska, su suke dafa shi shekara da shekaru har ruwan ya ƙafe. Shi kuwa busasshen kwandansa in ya yi sanyi ƙarfinsa raguwa yake, in ya ɗumama ya ɗan farfaɗo. Shi ya sa hunturu ke tona asirinsu. Talabijin nawa aka kawo min a watan Disamba da Janairu da wannan ciwon, ba zan iya ƙirgawa ba. Mukan hura musu iska mai zafi mu ga sun kama, mu san inda za mu nufa.

Saura a gane ko na cikin akwatin wuta ne ko na kan bod. Haska bod ɗin, ka dubi 'yan gwangwanayen nan da ke tsaye kewaye da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke ƙarƙashin fanka. Kansu ya kamata ya zama a shafe. In ka ga wanda ya kumbura ko ya fitar da abu kamar tsatsa, ka faɗa mana.

Mai Shago Kabuga:
Na duba Baba, duk a shafe suke. Sai dai ƙura, kamar an zuba gari. Fankar firosesa har ta yi kunun ƙura a ƙarƙashinta.

Injiniya:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, tambayar da ya kamata in fara yi ke nan.

Malam, kafin mu je ga fawa-fak mu kawar da zancen makunni tunda ka yi zarginsa. Bi siririyar wayar da ta taso daga makunnin gaba zuwa bod, za ka ga ta zauna a kan 'yan ƙusoshi biyu, yawanci an rubuta PWR SW. Ɗauki hoto tukunna don ka san inda za ka mayar. Zare ta, ka jona wuta, ka taɓa ƙusoshin biyu tare da bakin sukudireba na daƙiƙa ɗaya. Aikin makunnin ke nan, ba wani abu yake yi ba. Wutar wajen kaɗan ce, ba za ta ja ka ba. Amma kafin ka sa hannu ciki ka taɓa ƙarfen akwatin. A hunturu jiki yana tara wuta, irin tartsatsin da kake ji in ka cire rigar sanyi, kuma wannan ya isa ya lalata ram.

Mai Shago Kabuga:
Na taɓa. Motsi ɗaya fankar ta yi, kamar dai da.

Injiniya:
Makunni ya fita. Yanzu zare wuta daga bango. Cire babbar wayar nan mai baki 24 daga bod, da ƙaramar mai baki 4 da ke kusa da firosesa, da na haddis. A cikin babbar akwai koriyar waya guda ɗaya tak. Samo kilif ɗin takarda, miƙe shi, ka lanƙwasa kamar ƙugiya, ka sa baki ɗaya a ramin koriyar, ɗayan a ramin baƙar da ke kusa da ita. Sannan ka jona wuta ka kalli fankar fawa-fak ɗin. Koriyar ita ce wadda bod ke amfani da ita ya ce wa fawa-fak tashi, kai ka yi aikin bod ne da hannunka.

Gargaɗi ga duk mai karantawa: wannan na masu baki 24 ne. Wasu kwamfutocin ofis na HP da Dell da suka cika kasuwa nasu bakin daban ne, wasu 6 wasu 8, kada a kwaikwayi wannan a kansu. Da yawa daga na Dell ma akwai ɗan maɓallin gwaji a bayan fawa-fak ɗin da fitila kusa da shi.

Mai Shago Kabuga:
Ta juya! Da farko ta yi jinkiri, sannan ta kama tana juyawa.

Auta:
Shi ke nan fawa lafiya yake. Ashe dai bod ɗin ne.

Ɗan Beirut:
Ƙanena ba haka ake yi ba. Juyawar fanka ba shaida ba ce. Fanka abu kaɗan take ci. Kamar injin da ya ɗauki ƙwan fitila ɗaya ne, ka ɗora masa firji ka ga ya durƙushe. In da ba ta juya ba, da mun ce ya mutu. Da ta juya, abin da muka sani kawai bai gama mutuwa ba. Oga akwai mitar auna wuta kusa da kai?

Mai Shago Kabuga:
Akwai mai gyaran waya a jikin shagona, bari in aro.

Injiniya:
Yawwa. Sa ta a awon DC, kan 20. Baƙin tsinke a kowace baƙar waya, jan tsinke a wadda za ka auna. Ga abin da ya kamata ka gani: ruwan ɗorawa bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo 3.3. An yarda su kauce da kashi 5 cikin 100 kawai, wato ta 12 kada ta gaza 11.4 ko ta wuce 12.6, ta 5 kuma tsakanin 4.75 da 5.25. Akwai wasu biyu da mutane ke mantawa. Mai ruwan toka ya kamata ta nuna kusan 5 bayan ya tashi, ita ce take shaida wa bod cewa wuta ta daidaita, in ba ta zo ba bod ba zai fara aiki ba. Sai mai ruwan shunayya, ita kuma 5 take bayarwa kullum muddin waya na jone a bango, ko kwamfuta a kashe take. Da ita bod yake zaune a faɗake yana jiran ka danna makunni. Ita nake so ka fara aunawa, ka cire kilif ɗin ma tukunna.

Mai Shago Kabuga:
Shunayyar ba ta tsayawa waje ɗaya. Tana nuna 4.1, ta sauka 3.8, ta hau 4.3. Da na mayar da kilif, ruwan ɗorawa 11.9, ja 5.0.

Baba Mai Rediyo:
Ga ɓarawon nan. Ba a ɗora mata kaya ba ma tana rawa, ina ga an jona bod. Wannan layin shi ne ba ya hutawa dare da rana in ba a zare waya ba, shi ya sa ɗan kwandansansa ke riga sauran bushewa.

Amma yaro ka ji ni da kyau. Kada ka kwance akwatin wutar nan. Manyan kwandansan da ke ciki suna riƙe sama da bolt 300, kuma suna iya riƙewa bayan an zare waya. Na san abin da nake faɗa, akwai tabo a hannuna. In ka sami wani ka kawo min tsohon Fagge in duba.

Hajiya Mai Kafe:
Kada ka sayi sabo tukunna. Ara ka gwada, sai an gwada akan san na ƙwarai. In kuma za ka saya, ɗaga shi a hannu. Waɗanda ba su da nauyi kamar gwangwanin madara, an rubuta musu wat 500 ko 600 a jiki, ba su kai abin da aka rubuta ba. Gara na hannu mai nauyi da aka ciro daga kwamfutar kamfani. Mu da muka ga ana canja su duk bayan 'yan watanni mun koyi darasi.

Ɗan Beirut:
Oga turo yaro da yamma in ba shi nawa na gwaji. In ta tashi sai mu yi maganar saye, in ba ta tashi ba ka dawo min da abina.

Mai Shago Kabuga:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Zan zo da kaina bayan la'asar.

Mai Shago Kabuga:
Jama'a na dawo. Na jona na Ɗan Beirut. Dannawa ɗaya fankoki suka kama, suna juyawa ba tsayawa, fitilar gaba ta kawo. Amma monita ba komai, tana nuna babu sigina. Gabana ya sake faɗuwa.

Injiniya:
Kada ya faɗi, gaba muka ci. Mun bar ciwo na farko mun shiga na biyu. Ka jona ƙaramar wayar nan mai baki 4 ta kusa da firosesa? Ita aka fi mantawa, kuma in babu ita haka take yi daidai. Wayar monita kuma a ramin da take da ka mayar?

Mai Shago Kabuga:
Duka suna nan daidai, na duba da hoton da na ɗauka.

Injiniya:
To Auta, yanzu lokacin maganarka ya yi. Kwamfutar nan ta je ta dawo a adaidaita a kan titunanmu, ga ƙura. Ram ya motsa ba abin mamaki ba ne.

Malam, akwai ɗan ƙaramin lasifika baƙi kamar maɓallin riga a kan bod ko a rataye da waya? In akwai, zare wuta, cire ram ɗin duka biyu, ka kunna ta haka. In ta yi ta ƙara tit tit tit, albishir ne, firosesa da bod suna raye, sun nemi ram ba su gani ba suna kuka. Bod ɗin da ya mutu ba ya kuka.

Mai Shago Kabuga:
Akwai. Ta yi ƙara, doguwa tana maimaitawa! Wallahi ban taɓa jin daɗin ƙarar na'ura irin yau ba.

Auta:
Yaya yanzu ka wanke ramin da fetur, haka na ga ana yi. Ka kuma cire batirin nan mai kama da kwabo ka mayar.

Baba Mai Rediyo:
A'a. Fetur ba ya zuwa kusa da wannan. Yana cin roba, yana barin maiƙo, ga haɗarin wuta a shagon da ke cike da takarda. Na san ana yi, ba daidai ba ne. Buroshin fenti sabo mai laushi da bulowa sun isa. In dole sai an sa ruwa, sipirit kaɗan a auduga, a bari ya bushe sarai. In za ka hura, fita da ita waje, ka riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Kilinar fensir a bakin zinaren ram babu laifi, a hankali, ka kakkaɓe garin kafin ka mayar.

Injiniya:
Ka sa guda ɗaya tukunna, ka danna har kunnuwan gefe biyu su rufe da kansu. In ta tashi ka kashe ka ƙara na biyun. Ta haka za ka san in ɗaya ne ya lalace ko rami ɗaya. Batirin kuma ka bar shi yanzu.

Mai Shago Kabuga:
Injiniya saƙonka ya zo na riga na cire batirin. Na share ƙura, na goge ram, na mayar ɗaya bayan ɗaya. Ta yi tit sau ɗaya, rubutu ya fito a monita, duka biyun ta karɓa. Ta ce in danna F1, kwanan wata ya koma baya. Na danna. Tambarin Windows ya fito, sai allon ya koma shuɗi, ta sake tashi da kanta, ta sake yin haka. An rubuta INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Maƙwabcina ya ce sai dai a yi fomat, a goge komai a sake ɗora Windows.

Hajiya Mai Kafe:
Kada ka kuskura! Fomat da furojet ɗin 'ya'yan mutane a ciki? Ka tsaya Injiniya ya zo.

Ɗan Beirut:
Babu zancen fomat. Oga cire batirin ne ya jawo, kuma gyaransa minti biyu ne. Batirin nan CR2032 ne, bolt 3, shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato saitin da bod ke tashi da shi. Da ka cire shi saitin ya koma yadda ya fito daga kamfani. Bod na wannan zamanin da yawa suna komawa IDE ne a wajen saitin SATA, wato yadda bod ke magana da haddis, alhali Windows ɗinka a kan AHCI aka ɗora shi. Shi ya sa ya fara tashi sai ya rasa hanyar haddis ɗin. Kunna ta ka yi ta danna Delete, in bai shiga ba F2. Nemi inda aka rubuta SATA Mode, in ka ga IDE mayar da shi AHCI. Gyara kwanan wata da lokaci, in ba haka ba shafukan intanet za su riƙa ƙin buɗewa. Sannan F10 ka adana.

Auta:
Yaya ka yi haƙuri, ni na ce ka cire.

Injiniya:
Auta ba laifi ba ne a cire shi, akwai inda yake magani. Abin da ake so shi ne a canja abu ɗaya a gwada, sannan a taɓa na gaba, don in wani abu ya sauya a san mene ne ya sauya shi. Maganar ram kuma ai taka ce ta fito.

Mai Shago Kabuga:
Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi! A kan IDE na same shi, na mayar AHCI, ta shiga. Komai yana nan, furojet ɗin duka uku. Auta babu komai ƙanena, Allah ya yi maka albarka. Ban san da bakin da zan gode muku ba.

Hajiya Mai Kafe:
Kafin godiya, yanzu yanzun nan ka kwafe aikin yaran nan a filashi, ka kuma tura wa kowa nasa ta imel ko WhatsApp. Haddis ɗin ma shekarunsa ɗaya da fawan da ya mutu.

Injiniya:
Ka bi maganar Hajiya kafin ka tashi daga kujerar. Sannan tunda ga mita a hannunka auna batirin, in ya gaza bolt 3 sosai ka sa sabo, masu gyaran agogo suna sayarwa, in ba haka ba duk ranar da ya ƙarasa mutuwa shuɗin allon nan zai dawo. In hali ya samu ka nemi UPS, na'urar nan mai batiri da ke riƙe wuta in an ɗauke, ko ƙarami ne, saboda juyawa daga inji zuwa wutar gari tana kunne yana wahalar da fawa-fak da haddis duka. Kafin nan, ka riƙa kashe ta kafin ka juya, kuma kada ta zauna a soket ɗaya da injin fotokwafi, yana jan wuta da yawa lokacin da yake ɗumama. Ka ɗauke ta daga ƙasa ka ɗora a tebur, a ƙasa ne take shaƙar duk sharar shago. Da dare ka zare wayar daga bango.

Ɗan Beirut:
Ni ma yau na ƙaru da tambayar Baba, zan riƙa yi wa masu kawo gyara ita. Amma ina nan a kan bakana cewa inji yana kashe bod, na gani da idona ba sau ɗaya ba. Wannan dai Allah ya sa ba shi ba ne. Oga riƙe fawan har ka gama aikin Alhamis, ranar Asabar ka zo in zaɓar maka mai nauyi.

Baba Mai Rediyo:
Salamu alaikum. Yaron nan ya kawo min tsohon akwatin wutar jiya. Na sauke wutar manyan kwandansan na buɗe. Ƙananan guda biyu ne a layin shunayyar, ɗaya ya kumbura, ɗayan kansa a shafe kamar lafiyayye amma da na auna ya bushe. Na canja su da masu jure zafi digiri 105, na wanke fankar na ɗiga mata mai. Yanzu shunayyar tana tsaye a 5.0. Na bar shi a jone ya kwana, da asuba cikin sanyi na gwada, bugu ɗaya ya tashi. Ka zo ka ɗauka ka ajiye a shago saboda wata rana.

Mai Shago Kabuga:
Allah ya ƙara girma Baba, ya jiƙan mahaifa. Yarinyar ta karɓi aikinta tun ranar Laraba da daddare, an yi mata bandin. Gobe in na taso daga wajen Ɗan Beirut zan biyo ta Fagge in sha Allah.